Tambayi Fita: Sitiyarin Datsun ya fi ƙarfin kafaɗar baba, a sa mata na lantarki?

Jama'a salamu alaikum. Wannan karon saƙonni sun zo kan abu ɗaya kamar kun haɗa baki, duk maganar sitiyari ce, don haka na ajiye na birki da na kaburata sai fitowa ta gaba. Wanda ya turo min hoton inji kawai bai rubuta komai ba, na gani, amma hoto ba ya magana, ka faɗa min abin da ke damun motar.

TAMBAYA: Masta sannu da aiki. Babana yana da Datsun 120Y ta 1977, da ita ya yi tasi shekara da shekaru a Kumasi, da ita ya ciyar da mu ya aurar da mu. Yanzu ba ta fita sai Juma'a in zai je babban masallaci, ko in ana suna ko biki. Matsalar ita ce girma ya kama shi, kafaɗar dama na damunsa, in zai yi fakin ko zai juya a lungunmu sai ka ji yana nishi. Na ce a sayar a saya masa Vitz ya ce sai dai bayan ransa. Wani abokina ya ce min wai ana ciro sitiyarin lantarki a sababbin motoci a ɗaura wa tsofaffi. Da gaske ne? Zai yi a Datsun? Kuma ba hatsari? Af, bara na sa mata rim masu faɗi da ƙaramin sitiyari irin na masu tsere don ta ƙara kyau.
Daga ɗan mai Datsun, Aboabo

AMSA: Ɗana, ka ajiye babbar magana a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, har da wani "af". Ai kai ne ka ƙara wa baba ciwon kafaɗa ba ka sani ba. Ka taɓa ganin mai faci yana kwance notin taya da ya ƙi motsi? Bututu yake zura wa sifana don hannun ya yi tsawo. To faɗin sitiyari shi ne wannan bututun. In na asali santimita 38 ne ka cire ka sa na 33, ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da wajen kashi 15 cikin 100, ba ka taɓa komai a ƙasan mota ba tukuna. Sannan ka zo ka sa taya mai faɗi, roba ta ƙara kama kwalta, kuma yawancin irin rim ɗin nan suna turo taya waje ne, sai ya zama tayar ba ta juyawa a kan tsakiyarta, jan ta ake a ƙasa. Ita 120Y ba ta kai tan ɗaya ba, injinta ƙarami ne, siririn taya aka yi ta da shi, direbobi sun yini suna murza ta daga Kejetia zuwa Tafo ba wanda ya ce a kai shi asibiti. Don haka kafin ka kashe ko sidi ɗaya ka nemo tsohon sitiyarin da tsofaffin rim ɗin, ina fata ba ka ba wa 'yan gwangwan ba, ka mayar, ka sa iska daidai, ka ba baba ya zaga unguwa.

Bayan nan a ɗaga gaban motar a jak, tayu biyu duk a sama. Sitiyari ya kamata ya juya da yatsa biyu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya cije ko yana kamawa yana saki to akwai ciwo, kuma lantarki ba zai warkar da shi ba, rufe shi kawai zai yi. Datsun ɗin nan ba rak gare ta ba, wato sandar nan mai haƙora da ke tura tayu a sababbin motoci, akwatin sitiyari ne irin mai ƙwallaye a ciki, kuma akwatin yana shan man giya, na rantse akwai motocin da tun zamanin mulkin soja na Acheampong ba a buɗe murfin an duba ba. Akwai wani sukuru a samansa na rage wasa, yaran gareji in ka ce musu sitiyari na rawa sai su ɗaure shi tam, rawar ta tafi, nauyi ya zo, ciki kuma yana cin kansa. A duba boljoyin, tayarod, hannun da ke ɗaya gefen mai riƙe dogon ƙarfen, da boris ɗin saman shokoba. Duk inda ke da bakin giris a ba shi giris. Mota nawa aka kawo min da wannan kuka, muka yi wannan aikin na yini guda mai ita ya manta da zancen fawa, wato abin da ke ƙara wa sitiyari laushi.

To in an yi duk wannan baba ya ce har yanzu da sauran nauyi, kuma zai iya yiwuwa tunda ciwon kafaɗa ba wasa ba ne, amsar ita ce e, abokinka bai yi ƙarya ba. Ana yi, a Ingila an daɗe ana ɗaura wa tsofaffin Mini da Escort, kuma zai yi a Datsun.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato, Suzuki ce ta fara sa shi a wata 'yar mota Cervo tun 1988. Irin wanda ya dace da aikinka shi ne wanda motarsa, wato ɗan injin lantarkin da ke turawa, ke jikin sandar sitiyari a ƙarƙashin dashbod, ba wanda ke jikin rak a ƙasa ba. Abu uku ne a ciki. Akwai wani siririn ƙarfe a tsakiyar sandar da yake ɗan murɗewa in ka juya, sensa tana auna murɗewar ta san ƙarfin da hannunka ya sa da kuma gefen da ka nufa. Akwai kwamfutar, wadda a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, muke cewa kontrol bod, ita ke karɓar labarin. Sai motar lantarki da ke tura sandar ta wani haƙori mai zare kamar na sukuru. Abin da ya sa nake son tsarin shi ne ƙarfe bai yanke ba daga hannun direba har taya, in wuta ta ɗauke ko fiyus ya ƙone sitiyari yana nan, nauyinsa kawai zai koma, har ya ɗan fi na da saboda kana jan motar da ta mutu. Ba belt, ba famfo, ba mai da zai ɗiga a tsakar gida Hajiya ta yi faɗa.

Wanne za ka saya? Turawa sun fi amfani da na Opel Corsa B da Corsa C, wato na 1993 zuwa 2006, amma shi kwamfutarsa sai ta ji cewa inji na aiki kuma ta ji gudun mota kafin ta taimaka, Datsun kuwa ba ta da bakin faɗa mata, shi ya sa ake haɗa shi da wani ɗan akwati da ke yi mata ƙaryar gudu, da maɓalli mai murɗawa kamar na rediyo, ka ƙara laushi ko ka rage. Wannan akwatin sai an yi oda daga waje. Wanda ya fi mana sauƙi a nan shi ne na Toyota, Vitz ko Yaris ta wajen 2006 zuwa 2011, ko Prius ta 2004 zuwa 2009, ko Corolla ta bayansu kaɗan. Su in kwamfutar ta nemi sauran motar ba ta ji kowa ba sai ta faɗa yanayin ko-ta-kwana, ta ba da taimako matsakaici wanda ba ya canzawa. Waya uku kawai take so, babbar wuta daga batir, at wato wayar da ake ɗaurewa a bodi, da siririyar waya daga makulli. Kuma Vitz ai ta cika garin nan, hom-yus ɗinta, wato kayanta na hannu da ake shigowa da su daga waje, ba wuyar samu a Suame Magazin, in ma an rasa akwai Abossey Okai a Accra. Amma kar ka ce sabo ya fi, na motocin baya-bayan nan da yawa ba sa tashi sam in ba su ji kwamfutar motarsu ba, ka saya ka ajiye ya zama abin tokare ƙofa.

In za ka saya ka sayi kayan gida ɗaya. Sandar da motarta, kontrol bod ɗin da aka ciro tare da ita a mota ɗaya, soket ɗin da guntun wayoyinsu, da ƙaramin shaf na ƙasa mai kuros biyu, wato gaɓoɓin da ke ba shi damar lanƙwasa. Kar ka yarda a ɗauko maka sanda a wannan shago bod a wancan, domin bod ɗin ya riƙe tsakiyar sensar da ya saba da ita, in aka haɗa shi da baƙuwa sai ka ga sitiyari ya fi laushi ta hagu kan ta dama, ko yana ɗan ja da kansa. Kuma a gwada a gabanka kafin kuɗi su fita aljihu. A kama ƙasan sandar a bais, a jona batir, a jira 'yan daƙiƙu har ka ji ƙas, sannan a murɗa saman hagu da dama ka ji motar na turawa daidai wa daida. Mai kaya in ya ce ba shi da batir ka ce ka zo da naka. Farashi kuwa ka taka shago uku kafin ka ciro kuɗi, ka kuma je da fita, wato makanike, wanda suka san fuskarsa, kai in suka gan ka da farar riga da turare an gama da kai.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin nan ne ake mutuwa. Ɗaurawar.

Za a yanke tsohuwar sandar Datsun a tsakiya a shigar da wannan. Saman a bar na asali, saboda makulli da hon da sigina su zauna yadda baba ya san su, wanda ya leƙo ma ba zai gane an yi wani abu ba. Amma haɗin ƙarfe da ƙarfe ba aikin mai walda na bakin titi ba ne da zai kara ƙarfe biyu baki da baki ya ɗiga musu wuta ya goge ya shafa baƙin fenti. A kai wa mai injin lez ya yi hannun riga da zai shiga haƙoran shaf ɗin daidai, a zura, a sa fin ko kusa ta ratsa, in za a yi walda a kan hannun rigar za a yi, yadda ko waldar ta tsage ƙarfen ba zai zame ba. Kuma ba a walda kusa da sensa, zafi na kashe ta, ba a kuma dukan kan sandar da guduma. Kuros biyun nan su kalli juna daidai kuma kar a karya su da yawa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa nauyi yana laushi a zagaye ɗaya kamar mai ɗingishi. In sandar na da wurin da aka yi don ta noƙe lokacin karo kar a cike shi da walda, an yi shi ne don kar ƙarfe ya soki ƙirjin direba.

Sai mazaunin motar lantarkin. Mutane na mantawa cewa duk ƙarfin da motar ta tura sanda da shi, da irinsa take tura jikinta baya. In aka ɗaure ta a falankin dashbod mai kaurin gwangwanin madara, wata rana za ta yage shi. Na gani da idona, ba labari ba. Wani ya kawo min mota an yi masa aikin a wani gareji, ba zan faɗi wuri ba, yana juyawa a shataletalen Suame ya ji ƙarau, motar lantarkin ta fizge daga mazauninta ta juyo ta bugi gwiwarsa ta tsinke wayarta. Allah ya sa a cunkoso ne yana tafiyar hawainiya. Da na leƙa, kusa biyu ne 'yan ƙanana a jikin falanki, ko wasa ba a sa ba. Ƙarfe mai kauri ake so, a kama shi a wuri biyu ko uku masu ƙwari, inda tsohuwar sandar ke ɗaure da kuma wajen mazaunin feda. A kuma zaunar da baba a kujera kafin a ɗaure na ƙarshe, da babbar rigarsa ta Juma'a, a ga gwiwa ba ta taɓa ba, ƙafa na hawa birki da kuloci ba abin da ya tare ta. Ana iya juya motar lantarkin ta kalli sama ko gefe har a sami wuri.

Wuta kuma, a kan hanya miƙaƙƙiya kusan ba ya shan komai, amma in mota na tsaye ana murza shi har ƙarshe yana iya jan amfiya 40 ko fiye na ɗan lokaci, kuma lokacin ne inji ke sulo altaneta ba ta ba da abin kirki. Altanetar 120Y ƙarama ce, an yi ta ne don fitila da hon da rediyo. Ka sa mai wayarin ya auna, inji na aiki ya kamata batir ya nuna wajen bolt 14, in an kunna fitila ya faɗi ƙasa sosai to a canza ta da babba, mai amfiya 60 zuwa sama. Wayar wutar ta zama mai kauri, sikwaya milimita 6 ko ma 10, kai tsaye daga batir, fiyus na 50 ko 60 dab da batir ɗin ba can cikin mota ba, inda za ta ratsa bango a sa mata roba. At ɗin a kankare fenti a ɗaure a ƙarfe mai haske. Duk mai wayarin da ya ce zai jona maka a wayar rediyo ko ya naɗa silin waya a madadin fiyus, karɓi makullinka ka yi masa sallama.

Abu biyu za su canza, gara ka sani tun yanzu. Na Toyota taimakonsa ɗaya ne ko a tsaye ko a guje, don haka a hanyar Ejisu ko ta Mampong in an taka zai yi laushi fiye da yadda baba ya saba, kuma bayan kwana ba lallai ya dawo tsakiya da kansa da sauri kamar da ba, sai an ɗan taimaka masa. Mai alaimen zai iya rage wannan, wasu kuma suna sa ɗan makunni su kashe shi in sun hau babbar hanya. Na biyun ya fi damuna. Da can nauyin sitiyari shi ke hana mutum murza taya mota na tsaye, yanzu yatsa ɗaya zai yi, duk ƙarfin kuma a kan akwatin sitiyari mai shekara kusan hamsin zai sauka, da kusoshin da suka riƙe shi a shasi. A duba wurin ko akwai tsatsa ko tsagewa kafin a fara, a kuma roƙi baba ya bar motar ta ɗan gangara kafin ya murza, kar kuma ya danne sitiyari a ƙarshe yana riƙe, bod ɗin na zafi ya rage taimako da kansa.

Ni dai da motar babana ce, zan mayar da sitiyari da tayun asali, in gyara ƙasa, in ba shi wata guda. In ya ce da saura sai in ɗaura na Vitz, in kuma nemo wata tsohuwar sandar Datsun a yanka waccan, tasa ta asali a naɗe a buhu a ajiye. Ka gaida min shi, ka ce wani tsohon fita ya ce ya yi daidai da ya ƙi sayarwa.

TAMBAYA: Masta ina wuni. Maigidana Allah ya jiƙansa ya bar min Bosuwaja kunkuru ta 1963, sitiyarinta a dama. Ina so in riƙa fita da ita amma juya ta sai ka ce ana tuƙa tuwon gidan biki. Yarana sun ce a sa mata na lantarki. Me ka gani?
Daga wata Hajiya, Asawase

AMSA: Hajiya ina gajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. Sitiyarin dama ya nuna motar ta riga ranar 4 ga Agusta 1974 shigowa, ranar da Ghana ta bar tuƙin hagu ta koma dama, wannan ai kayan tarihi ne kike da shi a gida.

Gaskiya Hajiya kunkuru mai lafiya ba ta da nauyin sitiyari. Injinta a baya yake, gaba ba komai sai tankin mai da safaya, yarinya ma za ta juya ta. In taki ta zama tuƙin tuwo to ƙasan ne ya bushe, kuma mota in ta daɗe a ajiye haka take yi. Ta 1963 ba boljoyin gare ta ba, kimfin ne, wasu sandunan ƙarfe da taya ke juyawa a kansu, kuma giris suke ci kamar ba gobe. In giris ya daskare ya zama kamar sabulu sai su kama. A ɗaga gaba a buga giris a kowane baki har sabon ya turo tsohon waje, wanda ya ƙi karɓa a kwance a wanke. A duba man akwatin sitiyari, a duba ko an ɗaure sukurunsa fiye da kima, akwai kuma wani ɗan shokoba a kwance a jikin tayarod mai hana sitiyari karkarwa, shi ma in ya lanƙwashe yana riƙewa. Iskar tayun gaba kuma kaɗan take so, wajen 18, baya wajen 27, ki faɗa wa mai faci da bakinki don su kowace taya 32 suke bugawa, sai motar ta riƙa yawo a titi kamar kwalekwale.

Na lantarkin kuwa akwai katanga a gabansa. Motarki in ba a taɓa canza ta ba bolt 6 ce, Volkswagen ba ta koma 12 ba sai wajen 1967, shi kuma wannan kayan bai san wani abu bolt 6 ba. Kenan sai an juya motar gaba ɗaya, batir, janareta a koma altaneta, koyil, duk ƙwayayen fitila, abin sigina, motar waifa. Har sitata akwai magana, don fulayiwil na bolt 6 haƙora 109 gare shi na 12 kuma 130, ba a ɗauko wannan a sa wa wancan haka kawai. Ga tankin mai zaune a saman inda sandar ta bi, sai an sauke shi kafin a kawo wuta kusa. Ana yi, ban ce ba a yi ba, amma kuɗin da wahalar sun fi ciwon. Ki ce wa yaran su fara sayen gwangwanin giris, su nemo tsohon fita wanda ya yi zamani da kunkuru, akwai sauransu a Magazin, yawanci za ka same su zaune a benci suna ba yara umarni.

TAMBAYA: Masta ni ina da famfon fawa na Opel Astra, wanda ke aiki da lantarki ba belt ba. Ba zan iya ɗaura shi a Starlet ɗina ta 1982 ba in huta?
Daga wani aprantis, Sawaba

AMSA: Yaro ka yi tunani, amma rabin kaya ke hannunka. Famfon Astra lantarki ke juya shi gaskiya, sai dai mai yake turawa, kuma man sai ya sami inda zai je ya yi aiki, wato rak mai fistin da bawul a ciki. Rak ɗin Starlet ɗinka busasshe ne, ba ƙofar da mai zai shiga. Sai ka nemo rak na fawa, kuma nan ne rigimar take, domin tsawonsa da inda gaɓoɓinsa na ciki suka tsaya dole su yi daidai da hannuwan ƙasan motar. In suka saɓa, duk ramin da ka faɗa taya za ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba, ka kuwa san hanyoyinmu bayan damina. Shi ya sa na jikin sanda ya fi, ba ya taɓa lissafin ƙasa ko kaɗan. Ka sayar da famfon wa mai Astra, ka karanta amsar farko da kyau, kuma kar ka yanka komai sai mastanka na tsaye a kanka.

TAMBAYA: In an yi wannan aikin DVLA, hukumar lasisin motoci, za su ba ni rodwodi, takardar lafiyar mota? Inshora fa?
Daga wani malamin makaranta, Tafo

AMSA: Malam wajen gwaji abin da za a kama shi ne wasa a sitiyari, gaɓoɓin da suka mutu da abin da ke lilo, aikin da aka yi da kyau ba ya kawo ko ɗaya. Amma sitiyari ba rediyo ba ne, canji ne a abin da ran mutane ke kai, don haka ka je ofishinsu ka faɗa musu abin da za ka yi kafin ka yi, kamfanin inshorarka kuma ka sanar da su a rubuce ka riƙe kwafi. Ka ɗauki hoton haɗin da mazaunin kafin a rufe, ka ajiye rasit.

TAMBAYA: Masta ni tawa ba tsohuwa ba ce, Vitz ce nake tasi da ita. Da daddare in na kunna fitila da eya kondishan ina fakin sai wata jar alama mai hoton sitiyari ta fito, sitiyarin ya yi tauri, in na kashe na tayar ya dawo daidai. An ce min in canza sandar gaba ɗaya.
Daga direban tasi, Alabar

AMSA: Direba kar ka canza komai tukuna. Abin da ka lissafa, dare, fitila, sanyi, fakin, duk lokacin da wuta ta fi ƙaranci ne, bod ɗin kuma in wuta ta faɗi ƙasa da abin da yake so sai ya janye hannunsa ya kunna maka alama. Je wajen mai batir a gwada shi da lodi, ba a taɓa waya a ga tartsatsi ba. A auna altaneta inji na sulo komai a kunne. A kwance kan batir a kankare farin garin nan, a bi wayar at har inda ta kama bodi, sau da yawa a nan ɓarawon yake, a duba belt ko ya saki. In duk waɗannan lafiya sannan a sa kwamfuta a karanta abin da bod ɗin ya rubuta kafin a taɓa sandar. Ka rubuto min lambar da ta fito da kuma shekarar motar.